Tela Ta Karanta Takardar Banki Ta Baibai

Ranar da Tela ta ɗago kai daga keken ɗinki ta hango ƙafar Kwamanda ɗaya a wajen ƙarfen baranda, ranar ta gama da zaman bene. A hawa na uku suke haya. Yaron shekararsa biyu da wata huɗu, kuma ba a banza babansa ya laƙaba masa Kwamanda ba: ya hau kujera, ya hau firji, ya taɓa hayewa kan keken ɗinkin ma yana ba mutanen gida umarni da cokali. Ba ta yi ihu ba, don ta san ihu na iya firgita shi. Ta lallaɓa kamar mai kamun kaza, ta cafko shi ta ƙugun wando, tana gode wa Allah da ya sa ta yi wa ƙugun nan ɗinki biyu. Ta kulle ƙofar barandar, ta jefa makullin cikin gwangwanin maɓallai.

Da ma sun ga gida. Gidan ƙasa ne mai ɗaki uku, da ɗan tsakar gida, da famfo a kusurwa, da katanga da ta fi tsayin mutum. Mai shi wani dattijo ne da ya yi ritaya, zai koma wajen 'yarsa. Ya ce yaran nan sun kwanta masa a rai, amma akwai wani mai saye da ke ta kiransa a waya safe da yamma, don haka ya ba su zuwa Juma'a ta sama su kawo takardar amincewar banki. In ba su kawo ba, kada su ga laifinsa.

Kuɗin kafin alƙalami suna da shi, shekara shida suna tarawa. Sun kuma yanke irin tsarin da za su shiga: wanda banki ke haɗa kuɗi da kai a sayi gidan, kana biyansa haya a kan kasonsa, kana fansar kason a hankali har gidan ya zama naka kaɗai. Abin da ya rage shi ne wane banki.

Mijinta malamin lissafi ne a sakandare, kowa Malam yake ce masa har ita. Shi kuma tun suna zance yake kiranta Tela, har sunan ya bi ta. Ran Litinin ya dawo gida da takarda mai ƙyalli a hannun dama, da sabuwar lema mai tambarin banki a hannun hagu, yana tafiya kamar wanda aka ƙara wa girma a wurin aiki. Ya ce ya zagaya bankuna huɗu, ya yi lissafi a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi, kuma babu wanda ya kama ƙafar wannan wajen sauƙin biyan wata. Kashi ɗaya cikin uku na albashinsa kawai. Lemar kuwa kyauta ce tun kafin a sa hannu. Gimbiya, babbar 'yarsu mai shekara biyar, ta buɗe lemar a tsakiyar falo ta zauna a ƙarƙashinta ta ce nan ne ɗakinta.

Tela ta tambaye shi ko ya karanta yarjejeniyar. Ya ce lissafi sana'arsa ce, ita ta ji da zare da allura. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Washegari suka tafi sa hannu, Kwamanda a goye. Ofishin sanyi kamar cikin firji, ga kujeru masu laushi, ga kwanon alewa a kan tebur. Ma'aikacin da ya karɓe su matashi ne mai murmushin da ba ya gajiya. Ya kira Malam ranka ya daɗe sau uku kafin su zauna, ya kira Tela Hajiya, ya ba Kwamanda alewa biyu. Ya turo musu yarjejeniya mai shafi ashirin da biyu, an manna 'yan takardu ruwan ɗorawa a duk inda za a sa hannu, don kada mutum ya wahalar da idonsa da sauran.

To, Tela tana da wata ɗabi'a da matar da ta koya mata ɗinki ta dasa mata. Ba ta taɓa duba riga ta fuska. Ko a shago, ko a jikin maƙwabciya in da hali, sai ta juya ta baibai ta ga yadda aka haɗa ta, don a can ne tela ke ɓoye gaggawarsa. Ba ta ma yi tunani ba, hannunta ne ya kife yarjejeniyar ta fara karatu daga shafin ƙarshe. Malam ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafar ta ci gaba. Mai Murmushi ya ce Hajiya ai ta can babu komai sai maganganun lauyoyi. Ta ce ba komai, ita ma tana son ta gaisa da lauyoyin.

A shafi na sha tara ta tsaya, ta ɗora farce a kan wani layi mai ƙananan haruffa kamar ƙwayar zare.

"Wannan kuɗin na wata da kuka faɗa wa Malam, har yaushe ne?"

Mai Murmushi ya ce shekara biyu cur, babu abin da zai taɓa shi.

"Gidan kuma shekara nawa za mu yi muna biya?"

Ya ce ashirin. Bayan shekara biyun za a ɗan sake duba hayar ne kawai, daidai da yanayin kasuwa.

Ta miƙa wa Malam biro ta ce ya ɗan sake dubawa tun yanzu, tunda sana'arsa ce. Ya yi lissafi a gefen takarda mai ƙyallin da mafi ƙarancin abin da layin ya yarda a ƙara, ya soke, ya sake, amsar ba ta canja ba. A shekara ta uku biyan zai haura rabin albashinsa, kuma babu inda aka rubuta iyakarsa ta sama. Layin da ke ƙasa da wannan ya fi ba ta haushi: duk wanda ya biya fiye da na wata don ya rage nauyi da wuri, akwai tara a kansa. Ita kuwa kayan makaranta take ɗinkawa. Kuɗinta a farkon zango yake zuwa a dunƙule, sauran watanni sai gyaran zif da ƙara tsawon siket. In ba za ta iya zuba na farkon zango a gidan ba, me aka yi ke nan?

Ta faɗa wa Mai Murmushi, cikin ladabi, cewa ita ba ta taɓa ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa cif ba, sai ta bar inci biyu a kalmasa saboda baɗi, kuma wannan takardar ba a bar mata ko rabin inci ba. Ta ciro alewa ta uku daga bakin Kwamanda da ledarta, suka yi sallama.

A bakin titi Malam ya tambaye ta ko ya kamata su mayar da lemar. Ta ce wannan kam sai ya je ya yi shawara da Gimbiya.

Ran Laraba suka hau wani ƙaramin banki da ke saman kantin magani, wanda Malam ya tsallake a zagayensa saboda biyan watansa ya ɗan fi tsada. Babu alewa. Fanka ce ɗaya tana juyawa tana ƙara kamar tana ƙorafi. Ma'aikaciyar dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci, wadda da alama ta bar murmushinta a gida. Da Tela ta kife yarjejeniyar ta fara daga baya, matar ta dube ta ta saman tabarau, ta turo mata fitilar tebur kusa. Shafi tara ne duka. Biyan wata ba ya motsi sai bayan shekara goma, ko sannan an rubuta iyakar da ba zai wuce ba. Wanda ya samu sarari ya biya ƙari, babu tara. Tela ta karanta layin sau biyu, ta ji kamar ta sumbaci takardar.

Sai Mai Tabarau ta duba takardar albashin Malam ta girgiza kai. Albashinsa shi kaɗai bai kai ma'auninsu ba, saura kaɗan. Ta tambaya ko uwargida tana da sana'a. Malam ya yi caraf ya ce ai a wasu watannin ma ta fi shi samu. Matar ta ce madalla, a kawo bayanan asusunta na shekara biyu.

Nan ne Tela ta sunkuyar da kai. Ba ta da asusu. Iyayen yara a hannu suke biyanta, ita kuma a ƙarƙashin maɓallai take ajiyewa cikin gwangwanin biskit, in ya taru ta ba Malam ya kai nasa asusun. Shekara shida tana taka keke har gwiwarta na ƙara, amma a idon banki ba ta taɓa ɗinka ko hankici ba.

"Ƙanwata, ban ƙaryata ki ba," in ji Mai Tabarau. "Amma fayil ba ya jin magana, sai takarda. Ki kawo min abin da zan nuna wa na sama da ni. Gobe da azahar suke zama, in ya wuce sai mako mai zuwa."

Mako mai zuwa kuwa gidan ya zama na mai yawan kiran waya.

A hanya Malam ya fara cewa ko su koma wajen Mai Murmushi, shekara biyu ai lokaci ne, kafin nan Allah ya buɗa. Tela ta ce shekara biyu Kwamanda bai ma shiga aji ɗaya ba, kuma ba za ta sauko da yaranta daga bene don a kore su daga gidan ƙasa ba. Ya ce shi dai lissafi yake yi da baki. Ta ce ya yi shi a zuci.

Da suka isa gida ta zazzage durowar keke tana neman ko rasit ɗaya. Babu, sai alli da guntayen yadi da littattafan awo guda shida, ɗaya na kowace shekara, bangonsu ya yi laushi da man keke. Ta kusa mayar da su, sai ta tsaya. Ta saɓi Kwamanda ta nufi makarantu biyun da take yi wa ɗinki. Shugabar ta farko ta rubuta mata takardar shaida nan take ta buga hatimi. Shugaban ta biyu ya sa ta jira awa guda, sannan ya roƙe ta ta duba masa aljihun kwat da ya ɓarke. Ta ɗinke shi a tsaye, ya sa hannu.

Ran Alhamis da safe ta jibge littattafan a gaban Mai Tabarau. Babu ko sisi a rubuce a ciki. Kowane shafi sunan yaro ne da makarantarsa, da kafaɗa, da ƙirji, da ƙugu, da tsawo, da saiti nawa, da ranar karɓa, da alamar biro in an karɓa. Matar ta gyara tabarau ta buɗe na farko. Can ta buɗe na biyu ta ajiye kusa da shi, sannan na uku. Ta bi wata yarinya da yatsa daga littafi zuwa littafi: kafaɗa inci goma, sha ɗaya, sha ɗaya da rabi, sha biyu da rabi. A littafi na huɗu ƙanin yarinyar ya bayyana a ƙasan sunanta.

"Wannan ɗan fa? Bara ashirin da shida, bana ashirin da huɗu a ƙugu."

Tela ta ce rashin lafiya ya yi, amma ya warke, yanzu ma ya fi da ci.

Mai Tabarau ta rufe littafin a hankali. Ta ce a shekarunta na aiki an kawo mata takardun ƙarya masu kyan gaske, amma ba ta ga wanda zai zauna ya ƙirƙiri yara ɗari biyu ya riƙa girmar da su shekara shida ba. Ta ƙirga saitin kowane zango, ta haɗa da farashin da makarantun suka rubuta a takardun shaida, ta sa duka a fayil. Sharaɗinta ɗaya ne: kafin Tela ta sauka daga benen nan za ta buɗe asusu, gwangwanin biskit kuma ya koma aikin maɓallai. Alƙawari dai ba ta yi ba.

Ran Juma'a Malam ya kasa koyar da komai, ya ba 'yan aji aikin da ya riga ya ba su makon jiya. Tela ta ɗinka hannun riga ɗaya a baibai, abin da ba ta yi ba tun tana koyo. Sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Mai Tabarau ta ce a zo a karɓi takardar amincewa kafin ta rufe ofis, kuma a zo da jaka, littattafan nan sun cika mata tebur.

Sun tarar da dattijon zaune a ƙofar gida, wayarsa na ta ruri a aljihu. Ya karanta takardar, ya ninke ta, ya ciro wayar ya kashe, ya ce 'yata ku shiga ku ga gidanku.

Gimbiya ta kafa lemarta a tsakar gida. Malam ya shiga auna falo da taku yana lissafin inda kujeru za su zauna. Tela ta kwance goyo ta dire Kwamanda a ƙasa. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya gwada katangar da tafin hannu ya ga ba ta da wurin kamawa. A ƙarshe ya haye dakalin famfo, wanda bai wuce gwiwarta ba, ya miƙe tsaye a kai ya waiwayo yana jiran a zo a cafke shi. Ta zauna a bakin ƙofar kicin ta miƙe ƙafafu, ta ce masa ya yi tsalle in yana so.