Hula Tara a Shekara Guda

Narelle Kuchel ta iso asibitin garinsu a makare da minti ashirin, kamar kullum, mahaifiyarta Glenys na biye da ita rungume da jaka tana cin magani kamar wadda aka jawo kotu. Shekarun Narelle arba'in da huɗu, a gidan kula da tsofaffi take aiki, kuma an riga an ba ta takardar gargaɗi ta biyu. Ba mugunta ta yi ba. Famfo ta buɗe a banɗakin wani dattijo ta tafi ɗauko tawul, a hanya ta tsaya gyara wa wata labule, daga nan sai ga ta a kicin. Ruwa har baranda. An faɗa mata ɓaro-ɓaro cewa ta uku sallama ce.

Likita Perera, wadda ke zuwa garin Talata da Alhamis, ta riga ta duba jininta, ta binciki barcinta, ta tambaye ta ko baƙin ciki ke cin ta. Duk ba su ba ne. Zarginta ya tsaya kan ADHD, larurar da ke hana mutum tsayar da hankalinsa wuri guda. Sai dai abu ne da ake tasowa da shi, don haka kafin ta tura Narelle wajen ƙwararre a birnin Adelaide a fara magani, sai an nuna alamunsa tun tana yarinya. Takardun firamare sun tafi a gobarar daji tuntuni. Shaidar uwa kaɗai ta rage, shi ya sa aka ba Glenys takardar tambayoyi ta cike a gida.

Likitar ta buɗe takardar. Narelle ta leƙa. Tana yawan ɓatar da kayanta? A'a. Tana yawan mantuwa? A'a. Tun daga sama har ƙasa a'a ce, an danna biro har ya kusa huda takardar.

"Haba Mama!" in ji Narelle. "Ni ɗin? Ni da kika ce da a ce kaina ba a manne yake ba da tuni na bar shi a bas?"

"Wannan magana ce tsakanina da ke," in ji Glenys. "Ba zan zauna gaban baƙuwa in zayyana 'yata ba. Lafiyarki ƙalau. Tsabar rashin natsuwa ce kawai, irin ta dangin ubanki."

Narelle ta ji kunya, ta ji haushi, ta kuma ji tsoro, don ta fara hango kanta tana kwashe kayanta daga wurin aiki. Glenys irin matan gonar nan ce da ko ƙafarsu ta karye sai su ce tuntuɓe ne. Musu da ita ɓata yawu ne.

Likitar ba ta yi musun ba. Ta kife takardar, ta gyara zama.

"Misis Kuchel, mu bar wannan. Ba ni labarin safiyarku ranar makaranta, lokacin Narelle tana yarinya. Me kike yi kafin bas ya iso?"

Nan fa bakin Glenys ya buɗe, don magana ta zo kan aikinta. Tun biyar take tashi. Ita ke shirya jaka, ta rubuta abin da za a faɗa wa malama ta maƙala a rigar yarinyar da fil. Bas na tsayawa a bakin gona bakwai da kwata, ita ke tura yarinyar ciki da hannunta. Kwanon abincin rana kuwa, sau nawa ta bi bas da shi a mota, tafiyar kilomita ashirin.

"Hula fa?" in ji likitar. "Na san dokar makaranta: ba hula, ba wasa a rana."

"Ko sau ɗaya 'yata ba ta zauna a inuwa ba," in ji Glenys, har da ɗaga kai. "Guda biyu nake ajiyewa a mota, ɗaya wajen mai sharar makaranta. Akwai shekarar da na sayi tara. Daga baya na ɗinke ta da igiya a wuyan rigar."

"Yayanta fa? Nawa kika saya masa?"

"Craig? Ɗaya. Ita ya yi ta sawa har ya…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi takardar da ke kife, ta dubi 'yarta. Narelle ba ta taɓa sanin zancen hular wajen mai shara ba. Ita dai ta girma da sanin cewa ita malalaciya ce wadda sa'a ke rufa wa asiri.

"In na rubuta e," in ji Glenys, muryarta ta yi ƙasa, "kenan yarinyar na fama, ni kuwa shekara arba'in ina ce mata sakarai."

"Kenan shekara arba'in kina riƙe da ita har ba wanda ya lura," in ji likitar. "Amma ba za ki iya bin ta wurin aiki ba."

Glenys ta zuge jakar nan da ta rungume tun shigowarsu, ta fito da makullin motar Narelle da wayarta, waɗanda ta tsinta a kan rufin mota ɗazu, da niyyar zura mata su a aljihu ba tare da ta sani ba. Ta ajiye su a gaban likitar.

"Ba ni sabuwar takarda," ta ce. "Narelle, matso kusa, ban zo da tabarau ba. Ke za ki karanta mini."