Kifin Ganga ta Uku

Wagdi ya tura hannu cikin ganga har gwiwa, ya zaro kifi, ya danna bayansa da babban yatsa. Yatsan ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓen tumatir. Ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu. Iska ta shiga ganga ta uku, ta lalace. Duk wanda ya ci wannan, a asibiti zai ƙarasa bikinsa, in ma ya tsira. Ya tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Ranar bikin bazara ce, ranar da duk Iskandariyya ke cin fasikh, kifin da ake binnewa cikin gishiri kwana arba'in har ya yi ɗoyi. Shekara goma sha ɗaya Wagdi ke wannan sana'a, amma har yau warin na tayar masa da zuciya. Ya shige masa farce, ya shige masa gashi. Lemun tsami da sabulu duk sun gaza.

Da ya ɗaga kai sai ya hango Midhat. Midhat mai kantin magani, mai farar riga da ba ta taɓa sanin tabo ba, wanda shekara uku ke nan yana hawa ɗakin Wagdi na saman bene kowace Talata da azahar, ba wanda ya sani. Ga shi tafe, hannunsa saƙale cikin na wani dogo mai sheƙin gashi, suna ta dariya.

Rabin mazan da ke titin haka suke tafe da abokansu, ba mai kallonsu. Amma Midhat bai taɓa riƙe hannun Wagdi a waje ba. Ko ranar idi, da kowa ke sumbatar kumatun kowa, shi da bakin yatsu yake gaishe shi.

Dogon ya toshe hanci da hankici. "Subhanallahi! Maigida, gawa kake sayarwa ko kifi?"

"Gawa ce, ranka ya daɗe," in ji Wagdi. "Amma yau ta fi turarenka farin jini."

Midhat ya yi dariya, idonsa na kan kifi, ba kan Wagdi ba. "Wannan Atif ne, shi ke kawo mana magunguna. Zaɓo masa biyu masu kyau."

Wagdi ya dubi hannun Atif, sumul, har da zoben azurfa. Ya dubi nasa. Tun jiya ya ware wa Midhat manyan kifi biyu a ganga ta farko. Ya sunkuya, hannunsa ya wuce ta, ya shiga ta uku. Ya naɗe biyu a takarda, ya ɗaure tam.

Wayar Atif ta yi ƙara, ya ja gefe yana amsawa.

"Me ya same ka?" Midhat ya tambaya a hankali. "Fuskarka kamar an yi maka rasuwa."

"Ba komai, Likita. Koma ka riƙe shi kar ya faɗi. Shi ai ba ya wari."

Midhat ya waiga dama da hagu. Ya ɗauki wani lemun tsami yana jujjuyawa, kamar mai duba kaya.

"Wallahi kai sakarai ne. Shi Atif, sai in riƙe shi daga nan har tashar jirgi, ko a jikina. Kai kuwa in na taɓa ka a titi, makaho ma sai ya gane."

A shekara uku, wannan ce magana mafi girma da Midhat ya taɓa faɗa wa Wagdi, kuma a kan ruɓaɓɓen kifi ya faɗe ta.

Atif ya dawo yana murmushi. "'Ya'yana mata ne suka kira. Wai tun safe sun yanka albasa, ƙaramar ta ce ita ce za ta fara ci." Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙunshin.

Wagdi ya fizge ƙunshin, ya wurga shi cikin kwandon shara.

"Kai! Lafiyarka ƙalau?" in ji Atif.

"Ƙanana ne, ba su dace da kai ba."

Ya zaro biyun da ya ajiye wa Midhat, ya naɗe, ya miƙa wa Atif. Midhat ya dubi kwandon, ya dubi gangar da ke ƙarƙashin tebur, ruwanta na kumfa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye lemun tsamin, ya zaro hankici ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Mu je, Atif."

Wannan karon bai riƙe hannun kowa ba. Wagdi ya bi farar rigar da ido har ta ɓace cikin jama'a. Yau Litinin ce, gobe Talata.

"Maigida, ka mutu ne a tsaye?" wata tsohuwa ta daka masa tsawa. "Ba ni uku!"

"Jira, Hajiya," ya ce. Ya rungumi ganga ta uku a ƙirjinsa, ruwan na zuba masa a riga, ya nufi kwata da ita.