Ranar da Barau Ya Miƙe Tsaye

Ni ce Naja'atu, yayar Barau, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen garinmu, can gabas da Sule Tankarkar, suna cewa ina da baki. Ina da shi, ban musa ba. Amma ranar da ya kamata bakin nan ya yi mini amfani, a bayan taga aka bar ni ina haushi.

Barau ɗan lodin shanu ne a kasuwar Maigatari. Duk Alhamis zai fita da sassafe, ya dawo da yamma yana warin kashin shanu, da ƙullin tsire a aljihu na matarsa Murja. Ƙato ne, ga taurin kai. Nakan tsokane shi in ce tsakaninsa da shanun ban san wanda ke lodin wani ba. Wata Alhamis bayan ƙaramar salla wani bijimi ya fusata ya matse shi da jikin tirela. A bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti a Gumel.

Da aka sallamo shi, ƙafafun ba su mutu gaba ɗaya ba. In ya dafa bango yakan miƙe na ɗan lokaci, gumi na tsiyaya, amma ko taku biyu ba ya yi. Abin da ya fi wannan ciwo, ba ya jin zuwan fitsari, ba ya jin zuwan bayan gida. Murja ce ke gyara shi safe da yamma, ta wanke tsummokaran ta shanya a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Wallahi ban taɓa jin yarinyar nan ta yi tsaki ba. Ga shi kuma kwanciya ta fasa masa gyambo a kwankwaso. Likita ya ce gyambon nan shi ne abin tsoro, sai an ba shi gado ana wankewa kullum ana yi masa allurai. Mu kuwa a lokacin tumaki sun tafi, babur ya tafi, ba sauran abin ɗagawa a gidan.

Ana nan sai mai shela ya zaga gari. Wai gwamnati za ta ɗauki nakasassu, waɗanda yanzu a rediyo ake ce wa masu buƙata ta musamman, ta riƙa ba su ɗan abin hannu duk wata, da wani kati da in ka nuna a asibiti za a ba ka gado da magani kyauta. Ni ɗan abin hannun bai tsone mini ido ba. Katin nake so. Sai dai mutum goma sha biyu kacal za a ɗauka a mazaɓarmu, kuma waɗanda abin ya fi yi wa tsanani za a fara ɗauka. Aka sa ranar tantancewa a makarantar firamare.

Ana gobe na je na zauna a bakin katifarsa.

"Barau, buɗe kunnenka. Gobe ba ranar 'da sauƙi' ba ce. Duk abin da aka tambaye ka, ka faɗi gaskiyarta komai muninta. Ka ji ni?"

Ya yi dariya. "Na ji, Yaya. Ke dai ba kya gajiya."

"Ina gajiya mana. Kai ne ka hana ni hutawa."

Washegari maƙwabcinmu Manu ya ɗaura wa shanunsa amalanke, muka shimfiɗa tabarma muka ɗora shi. Da muka isa sai na tarar da mutane maƙil. Ashe haka muke da su a ɓoye cikin gidaje! Makafi, kurame, guragu a kan kekunan hannu, har da wata tsohuwa goye da budurwa wadda ƙafafunta ke jan ƙasa. Kowa ya rakuɓe a inuwar darbejiya yana jiran a kira shi. Na dube su na ji tausayi, kuma Allah ya yafe mini, na riƙa auna su da ido ina cewa wannan bai kai Barau ba, waccan ta fi shi.

Da hantsi aka kira sunansa. Manu da wani suka ɗauke shi suka shiga da shi ajin suka zaunar a kujera. Na biyo su, ɗan sintirin da ke bakin ƙofa ya tare ni, wai 'yan rakiya a waje za su tsaya. Na zagaya na kama taga.

A bakin tebur ga Sista Theresa, ma'aikaciyar lafiya, 'yar Filato ce amma ta fi shekara ashirin a Gumel, Hausa a bakinta kamar tamu. A gefe kuma an ajiye benci, dattawan gari uku a kai, su ne shaidu don kada wani ya yi ƙarya. Ina ganin na tsakiyar na ce innalillahi. Malam Ɗantsoho ne, mahaifin Murja, surukin Barau.

Barau ma ya gan shi. Nan take ya sunkuyar da kai, ya gyara hula, ya ja riga ya rufe gwiwoyinsa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Yauwa, Barau. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Baba. Alhamdulillahi."

Na cije leɓe. Na ce a raina gaisuwa ce, bari dai a shiga tambayoyin.

Sista ta buɗe takarda. "Malam Barau, kana iya cin abinci da hannunka?"

"Ina iyawa."

Wannan kam gaskiya ne.

"Bayan gida fa? Kana zuwa da kanka, ko sai an taimaka maka?"

Bai dubi Sista ba, bai dubi benci ba, ƙasa yake kallo.

"Da kaina nake zuwa."

"Ƙarya yake, Sista!" Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. "Wallahi ƙarya yake, ku tambaye ni!"

Ɗan sintiri ya zagayo yana cewa in na ƙara magana zai kore ni daga harabar makarantar. Sista ta dube ni, ta dubi Barau, ta ajiye biro.

"Malam Barau, lalura ba abin kunya ba ce. Abin da ka faɗa da bakinka a gaban shaidu shi zan rubuta, ba ni da ikon rubuta wani. Ka sake tunani."

"Yayata ce," in ji shi, a hankali. "Tausayi ne ya yi mata yawa."

"To. Kana iya miƙewa tsaye?"

Wayyo Allah. Ya dafa tebur da hannu biyu. Na ga damatsan nan da suka saba kokawa da shanu sun ɗaure, na ga gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya miƙe. Sai kuma ya yi abin da ko a gida bai taɓa yi ba, ya saki teburin. Ya tsaya haka nan, hannuwa a gefe, ƙafafu na rawa, yana murmushi irin na mai jin kunya. Dattawa biyu suka ce masha Allah, jiki ya yi kyau. Malam Ɗantsoho bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Sista ta daɗe tana kallon takardar kafin ta ɗauki biro ta rubuta.

A hanyar komawa na lura wandonsa ya jiƙe sharkaf, tun yana tsaye abin ya zubo bai sani ba, babbar riga ce ta rufa masa asiri. Ban raga masa ba. Na zage shi tas tun daga makaranta har bakin rijiya. Na ce masa sakarai, na ce masa mai kashe kansa da kansa, na ce me na gaya maka jiya? Manu yana kora shanu kamar ba ya ji.

Sai da na gaji na yi shiru sannan ya yi magana.

"Yaya, a gaban uban Murja zan ce 'yarsa ce ke kwashe mini kashi? Mutumin nan ya ba ni ita ina da ƙafafuna. In ya ji haka daga bakina, da wane ido zan sake kallonsa? In ya ce ta dawo gida, me zan ce?"

Sai kuka ya zo mini, na juya masa baya don kada ya gani.

Bayan sati uku aka manna sunaye a bangon makaranta. Na sa malamin makarantar ya karanta mini sau biyu. Babu Barau. Na hau mota har Gumel na nemo Sista Theresa. Ta ce ta yi ɗan rubutu a ƙasan takardarsa cewa a sake duba shi, amma can sama amsoshin ake bi, kuma an riga an rufe. Sai zagaye na gaba. Na ce yaushe? Ta ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, kada in yi miki ƙarya."

Ranar Asabar sai ga ta a kan acaɓa har ƙofar gida, da auduga da ruwan wanke ciwo a jaka, ba wanda ya aiko ta. Da Murja ta ɗaga zanen, Sista ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta wanke, ta nuna wa Murja yadda ake yi, ta ce a riƙa juya shi. A zaure ta riƙe hannuna ta ce wannan ciwon ya wuce na gida. Na ce na sani.

Damina ta sauka. Gyambon ya zurfafa, zazzaɓi ya kama shi, ɗakin ya fara wari duk turaren da Murja ke sakawa. Ya daina cin tuwo, sai kunu, daga baya kunun ma ya gagara. Duk wanda ya leƙo ya ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Gero ya fara fitar da kai ranar da Barau ya cika, wata Talata bayan la'asar, kansa a cinyar Murja.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, aka ce Malam Ɗantsoho yana kirana. Na same shi a tsaye a bayan gida kusa da rumbu, shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya ce:

"Naja'atu, akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Bencin nan na makaranta, ba a sa ni a ciki ba tun farko. Ni na je na roƙi dagaci ya sa ni."

Na ɗago kai.

"Na san komai. Tun watan farko Murja ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya mini. Ni na ce mata ta zauna a ɗakinta ta yi haƙuri, aljannarta ce. Na je wurin nan ne don in yi masa shaida. Na ce in ya faɗa, in ce haka ne, ni surukinsa na tabbatar. Ko shiru ya yi, da ni zan faɗa a madadinsa." Ya girgiza kai. "Sai yaron nan ya miƙe. Ya miƙe saboda ni, ina gani. Na ce in na buɗe baki yanzu na ƙaryata shi a gaban mutane, na yi masa tsirara. Sai na ji nauyi. Na yi shiru."

Ban taɓa ɗaga murya a gaban dattijo ba, ranar ma ban ɗaga ba. A hankali na faɗa, ina durƙushe.

"Baba, shi ya ji kunyarka, kai ka ji kunyarsa. Kun kashe mini ƙane."

Na jira ya tsawata mini, ko ya ce kwana ne ya ƙare. Bai ce ba. Ya dafa jikin rumbun, ya ce, "Haka ne, 'yata."