Kin Ga Matata?

Shekinah ce ta saya wa iyayenta tanti, ta kama musu wurin kwana uku a wani sansanin shaƙatawa da ke Long Island. Ta ce shekara ashirin da biyu suna unguwar Mount Hope ta Bronx, ba su san ko'ina ba sai wurin aiki da coci. Babanta Choji direban bas ne, mamanta Kaneng kuwa tana kula da tsofaffi a wani gidan jinya a Bronx.

A rana ta biyu, cikin zafin Yuli, suka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Fire Island don su wuni. Choji ya zauna a benen jirgin yana ta dariya.

"Maman Shekinah, dubi mutanen dutse a kan ruwa! Da 'yan Jos za su gan mu!"

Kaneng ta yi dariya ita ma. Wata shida ke nan tana lura da wasu abubuwa a tattare da shi. Ta tsinci makullin gida a firij. Ran nan a coci sunan fasto ya ɓace masa a tsakiyar addu'a. Duk ta ce gajiya ce, ba ta gaya wa kowa ba.

Sun shimfiɗa tabarma a kan yashi, suka ci dafa-dukan da ta ɗauko a kula. Bayan sun gama ta ce za ta zagaya, ya jira ta minti biyar. Da ta dawo, ga tabarma, ga takalmansa, ga wayarsa, babu shi.

Ta bi bakin teku tana kiran sunansa, ƙarar ruwa tana danne muryarta. Ta nuna wa masu gadin ruwa hotonsa, suka shiga cigiya. Kusan awa guda tana gudu cikin yashi kafin wata mata ta ce ta ga wani dattijo ba takalmi ya bi hanyar katako da ta nufi wata doguwar hasumiya mai fitila.

Can ta same shi a kan benci, yana kallon wata barewa da ke kiwo a ciyawa. Da ya ga ta tsaya a kansa tana haki, sai ya miƙe, ya cire hula.

"Sannu, baiwar Allah. Kina jin Hausa?"

Ta gyaɗa kai.

"Kai, na gode wa Allah. Don Allah kin ga matata? Siririya ce, tana goye da jaririya. Kaneng sunanta."

Sau nawa ta koya wa 'ya'yan tsofaffi masu ciwon mantuwa da take jinya cewa kada su yi gardama, kada su ce "ni ne fa"? Yanzu ta riƙe ƙarfen bencin.

"Na gan ta, Baba," ta ce. "Ita ta aiko ni. Tana jiranka a wurin jirgi."

Suka kama hanya. Ta miƙa hannu za ta riƙe shi, ya janye cikin ladabi. Yana tafe yana ba ta labarin matarsa: ta fi kowa murya a zumuntar mata ta coci, ba ta son jira, kuma har yau bai san abin da ta gani a jikinsa ta aure shi ba. Kaneng ta juya fuskarta wajen teku tana cewa, "Allah sarki."

A cikin jirgi barci ya ɗauke shi. Suna dab da isa ya farka, ya dube ta.

"Kaneng, ina kika shiga tun ɗazu? Me ya ƙona mini ƙafa haka?"

"Katako ne, ya yi zafi."

Da suka koma sansani da la'asar, ta wanke masa ƙafafun ta shafa mai. Ya kwanta a inuwa. Ita kuwa ta zagaya bayan mota ta kira 'yarta. Shekinah ta ɗauka da murnarta, tana tambaya da Turanci ko Baba ya shiga ruwa.

"Bai shiga ba," in ji Kaneng. "Ki ɗauki hutu ran Litinin. Za mu kai shi asibiti, kuma ba zai koma tuƙi ba. Ban san yadda zan gaya masa ba, Shekinah. Ki zo da wuri."