Tuta Ta Biyu

Kwalejoji shida ne a gasar, duk ƙanana, irin waɗanda ko mai tasi sai an yi masa kwatance. Wadda ta zo ta ƙarshe cire ta ake yi, kuma ta su Mukhtaru da ke unguwar Rusaifa ita ce a bakin rami. Tseren miƙa sanda kaɗai ya rage, Mukhtaru aka ba zagayen ƙarshe.

Gudu kam Allah ya ba Mukhtaru. Inda ya koyo shi ne ba ya so a sani. Tun yana ɗan sha biyar yake taya mahaifinsa, Malam Labaran, tura tsofaffin alhazai a keken guragu tsakanin Safa da Marwa. A can, namiji in ya iso fitila koriya ta farko sai ya ɗiba da sassarfa, in ya wuce ta biyu ya koma tafiya. Amma a kwaleji gogan naka cewa ya yi babansa kantin turare gare shi. Shi ya sa da safen ranar gasar ya ce, "Baba, da ka huta, yau akwai rana." Tsohon ya ce to, ya kuma zo abinsa.

Mukhtaru ya karɓi sanda yana na uku. Ashe masu shirya gasa sun kafa tutoci biyu koraye a gefen fili don ado. Yana zuwa ta farko ƙafarsa ta ɗauka, ya wuce mutum biyu, fili ya kaure da ihu. Yana wuce ta biyu, ga gajiya ga sabo, sai kawai ya sassauta ya koma tafiya, bakinsa na motsi da addu'a. Kafin hankalinsa ya dawo, duk biyar sun wuce shi. Sabo turken wawa.

Ya durƙusa, yana jin da ƙasa za ta tsage da ya shige. Bandar, kyaftin ɗinsu, ya zo kansa. "Esh fik, me ke damunka? Wallah ka cire mu daga gasa! Me ya tsayar da kai?"

Sai ga Malam Labaran ya sauko yana murmushi, don shi kaɗai a filin nan ya gane. "Ya waladi, ɗana, kada ka ga laifinsa," ya ce wa Bandar. "Ni na san abin da ya faru."

Bandar ya miƙa hannu. "Ammu, Baba, kai ne mai kantin turaren?"

Murmushin ya tsaya. Tsohon ya dubi ɗansa, Mukhtaru ya dubi ƙasa. Malam Labaran ya gaisa da Bandar a gaggauce, ya mayar da hannunsa mai kantar turin keke cikin aljihu.

"Ni ne," ya ce. "Rana ce ta buge shi."

Nan take Mukhtaru ya manta da kunyar tseren. Har suka isa gida a unguwar Hindawiyya Malam Labaran bai fito da hannun nan ba.