Cokali Uku a Buhu

Kajin gidan gona ɗari biyu take kiwo a bayan gida, shi ya sa duk unguwa ba mai kiranta sai da Uwar Kaji. Mijinta tsohon direban babbar mota ne. Tun da ya ajiye tuƙi ya koma sana'ar ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Ranar da likitar dabbobi ta zo duba sababbin 'yan tsaki, ta tarar da Uwar Kaji tana barbaɗa musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a abinci.

"Mama, ciwo suke yi?"

"Lafiyarsu ƙalau. Ai rigakafi ya fi magani."

"Wannan ba rigakafi ba ne, horo kike ba ƙwayoyin cutar. Kullum suna lasa har su saba, ran da ciwon gaske ya zo, maganin ya zama ruwa. Masu gidajen abinci ma sun fara gudun irin wannan naman."

"To, in zuba musu ido ke nan?"

Likita ta ce akwai wani sinadari mai bauri a ɓawon itatuwa da 'ya'yansu, tanin ake ce masa, kaɗan daga cikinsa yana gyara hanjin kaza. Bagaruwa cike take da shi. A daka, a tankaɗe, a sa cokali uku a kowane buhun abinci. In kuma kaza ta kwanta da gaske, a kira ta, magani yana nan da ranarsa.

Direba, da ke zaune kan benci kamar ba ya ji, ya ɗago.

"Bagaruwar jima? Likita, kaji za mu kiwata ko takalma?"

Yayan Uwar Kaji majemi ne, buhunan bagaruwa jibge a rumfarsa. Ya cika mata jaka yana dariya. "Ƙanwata, in sun yi fata mai kyau ki aiko min, a jeme miki kyauta."

Ɗaki biyu ne na kajin. Direba ya ce a bar masa na biyun, a ga wanda ya iya kiwo. Ta bar masa. Da safe tana auna cokalinta, shi kuwa ya faki idonta ya juye kwano guda cur a buhunsa. A tunaninsa, in cokali uku yana gyara hanji, kwano guda ai sai kaza ta zama rago.

Kajinsa suka rugo kamar kullum. Kowacce ta kai sara ɗaya, ta girgiza kai, ta goge baki a garin katakon da aka shimfiɗa musu. Sai suka taru a lungu suna kallonsa, irin kallon da fasinjoji ke yi wa direba in mota ta mutu a daji.

Kafin azahar Uwar Kaji ta leƙo ta ga mazubin abinci cike.

"Baban yara, me ka ba su?"

"Abin da likita ta ce."

"Cokali nawa?"

"Ai ni ban ƙirga da cokali ba. Kajin ne 'yan gata. Abincin nan ba abin da ya same shi, ki gani."

Ya damƙi ɗan kaɗan ya watsa a baki. Nan take leɓɓansa suka tsuke, harshe ya manne a ganɗa, ido ya kawo ruwa. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, ba abin da ya fito sai iska.

Uwar Kaji ta dafa bango don dariya. "Shekara talatin ina neman maganin surutunka, ashe yana rumfar Yaya!"

Da ta kira likita a waya, ita ma sai da ta gama dariyarta, sannan ta ce in tanin ya yi yawa yana hana kaza ci, ya tauye girmanta. A ba su sabon abinci yanzu. Wancan buhun kuwa kada a zubar, a riƙa ɗibar gwangwani ɗaya daga ciki ana gaurayawa a kowane sabon buhu. Direba ne ya ɗauki aikin gaurayawar, da shebur.

Sati shida suka cika. Kajin Uwar Kaji sun yi ƙirji, kashinsu a bushe, warin ɗakin ya ragu har maƙwabta suka lura. Na Direba sun biyo baya da 'yan kwanaki, amma sun taso. Wata mai gidan abinci ta zo da sikeli, ta ji yadda aka kiwata su, ta kwashe duka, ta ce a ajiye mata na gaba.

Labari ya bazu. Bayan kwana uku sai ga majemi a ƙofar gida, fuska a murtuke.

"Ƙanwata, me kika gaya wa matan unguwa? Kowacce da jakarta, sun kwashe min bagaruwa tas. Ga fatu ashirin a jiƙe, ba abin jima!"

Direba ya miƙe ya zura takalmi. "Yaya, kwantar da hankalinka. Na san wata hanya da itatuwan bagaruwa suka yi layi, shekara goma ina bi ta nan da mota. Ɗauko buhuna."

Suka fita tare, yana ta yi masa kwatancen kowace kwana.