Waken Zubair a kan faifai

Sadiƙa 'yata ce, ita kaɗai Allah ya bar mini cikin haihuwa huɗu. Shekararta biyar lokacin da ta rasu, bayan girbin gero. Wake da shinkafa na dafa mana ranar. Ni da mahaifinta Ja'afaru mun yi kwana biyu muna amai muka tashi, ita kuwa ba ta ga la'asar ɗin washegari ba. Ma'aikacin asibiti ya ce maganin ƙwari ne a cikin abincin.

A rumfar Zubair aka sayo mini waken. Taki da iri da hatsi yake sayarwa a kasuwar garinmu, a kan hanyar Kunci. Bayan sadakar bakwai na jiƙa ragowar a ƙwarya, sai ruwan ya yi ja-ja. A nan na gane. Irin shuka ne da ya yi masa kwantai, wanda ake shafa wa jan magani. Ya wanke ya shanya, ya gauraya da na ci.

Ja'afaru ya je ya same shi. Zubair ya ce, "Haba Ja'afaru, waken jan hanci ne, tun kakanni ake nomansa. Ka yi haƙuri, kwana ne ya ƙare." Mai unguwa Malam Abdulmumini ya ce babu shaida, tunda buhun ya riga ya ƙare. Ja'afaru ya ce mu bar wa Allah. Na ce to, amma da baki kawai.

A garinmu mata ba sa zuwa kasuwa, yara ake aika. Duk abin da Zubair ya auna musu shi za su kawo. Don haka na fara tara yaran unguwa a tsakar gidana da hantsi, 'yan shekara huɗu zuwa bakwai. Iyayensu sun ɗauka kewa ce ke damuna, suka bar su.

Da tsakuwa da marafan kwalba muka fara. Wannan nan, wancan can. Sai gyaɗa da gurjiya, sai farar dawa da ja. Fa'izu, wani ɗan fitina mai giɓi, duk gyaɗar da ya ware cikinsa take tafiya.

"Inna Hure, ai na ware ta ne, na ajiye inda ba za ta ɓata ba."

"To gobe kai tsakuwa za ka ware, mu ga inda za ka ajiye."

A sati na uku wata yarinya ta biyo ƙawayenta. Tahira, 'yar Zubair, shekara shida. Da na gan ta a bakin zaure na ji kamar in jefe ta da muciya. Na daɗe ina kallonta, sannan na shimfiɗa mata buhu kusa da ni. Ita na fi koya wa, kuma da gangan na yi.

Da hannunsu ya faɗa, muka koma wake. Na ɗebi ragowar irin shukar Ja'afaru mai jan magani na wanke na shanya kamar yadda Zubair ya yi, na zuba cikin na ci. Kashi uku ake yi a faifai. Lafiyayye gefe guda. Mai huda gefe guda, shi ba abin tsoro ba ne, tunda ƙwaro ya ci ya rayu. Na ukun shi ne mai jan hanci. Kowane yaro na ba shi farin ƙyalle ya jiƙa da ruwa ya goga hancin waken. In ƙyallen ya fita fari, halittarsa ce. In ya ɗauki ja, ba a ci. Ban da yawu, ban da kai hannu baki, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita.

Tahira ta fi kowa ido. Tana ɗaga ƙwaya ta ce, "Inna, wannan munafuki ne," kafin ma ta goga.

Shekara guda na jira. Damina ta wuce, na san iri zai sake yi masa kwantai. Duk ranar kasuwa ina aika a sayo mini kaɗan in gwada. A sati na huɗu ƙyallen ya yi ja.

Na sa hijabi, na ɗauki faifai da ƙwaryar ruwa, yara takwas a bayana. Na biya ta gidan mai unguwa na ce ya zo ya ga shaidar da ya nema.

Zubair ya yi dariya da ya gan mu. "Hure, makaranta kika buɗe? Nawa ne kuɗin rajista?"

"Kyauta ne. Malam, ka ɗebo da hannunka daga tsakiyar buhun nan."

Mai unguwa ya ɗebo ya zuba a faifai. Mutane suka fara taruwa. Na ce, "Tahira, zo ki nuna wa babanki abin da kika iya."

Ta zauna da murnarta, ba ta san komai ba. Ni na sani. Ta yi kashi uku, ta jiƙa ƙyalle ta goga, ta ɗaga shi sama. Ja ne kamar an ɗiga lalle.

"Baba, wannan ba a ci. Wa ya zuba maka?"

Sauran yaran suka sa hannu, ƙyalle bayan ƙyalle yana yin ja. Zubair ya ɗaga hannu zai mare ta, na shiga tsakani.

"Ita tana da rai, ka gode Allah. Tawa tana maƙabarta."

Mai unguwa ya sa aka ɗaure bakin buhunan aka kai gidan dagaci. Aka rufe rumfar, aka hana Zubair awo a kasuwarmu. Labari ya kai kasuwannin kusa kafin shi ya kai. Tahira ba ta sake zuwa gidana ba, uwarta ta hana. Wannan kam yana ci mini rai, don yarinyar ba ta yi mini komai ba, kuma na san abin da na ɗora mata.

Bayan wata biyu Zubair ya turo dattawa uku su nema masa gafara. Ja'afaru ya shigo ya ce suna zaure, shi dai ya yafe, in fito. Na fita na gaishe su da kyau, na kawo musu ruwa. Na saurare su har suka gama. Sannan na ce su gaya masa ban yafe ba.